Madubi, Labule da Ƙurar Yamai: Abin da Ke Cikin Babbar Kyamara

Tambaya ɗaya samarin unguwarmu ta Bobiel suke yi mini duk sa'ad da suka ga kyamara rataye a wuyana: "Yaya, megafiksel nawa ce?" In na ce 18, sai ka ga jikinsu ya yi sanyi, wani ma ya zaro wayarsa ya nuna mini tasa 50 ce, ko 108. Ba na ganin laifinsu, domin ita ce lambar da masu talla suke rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Amma na daɗe ina ɗaukar hoton ɗaurin aure da suna a unguwannin Yamai, kuma cikin duk lambobin da ke takardar kyamara, ita ce ta ƙarshe da nake dubawa. Ga saurayin da ya tara ƴan kuɗinsa zai shiga sana'ar nan, ko mahaifin da zai saya wa ɗansa jari, akwai abubuwan da suka fi ta nauyi nesa ba kusa ba.

Kyamarar da nake nufi ita ce DSLR, wadda masu Faransanci suke kira reflex: baƙa, mai tozo a ka, wadda ake kwance mata tabarau a ɗaura wani. Tabarau shi ne bututun gilasan nan na gaba, abin da abokan sana'a a nan suke ce wa objektif. Kwance shi ka leƙa ciki. Abin da za ka fara gani ɗan madubi ne a jingine, a kusurwar digiri 45. Hasken da ya shigo yakan bugi madubin ya yi sama, ya shiga wani dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar da ke cikin tozon, ya juyo ya fito ta ƴar tagar da kake ɗora ido. Ke nan abin da idonka yake gani shi ne ainihin abin da tabarau yake gani, ba hoton da na'ura ta sarrafa ba. Da ka danna maɓalli sai madubin ya ɗaga, wani siririn labule da ke bayansa ya buɗe, haske ya sauka a kan farantin da ake kira sansa, labule ya rufe, madubi ya koma mazauninsa. Ƙarar da ake ji ke nan, shi ya sa kuma tagar take yin duhu na ƙiftawar ido.

Madubin nan yana da rana a garinmu. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto da waya da tsakar rana a watan Afrilu ya san allon ba ya ganuwa, sai dai a yi ta kare shi da hannu. Tagar leƙe ba ruwanta da wannan. Ba ta kuma shan batir. Kyamarar da nake aiki da ita, Canon 600D wadda ta fito a 2011, kamfanin ya ce caji ɗaya yana ɗaukar hoto kusan 440 in da taga ake aiki, amma in aka koma kallon allon baya, bai kai rabin haka ba. Nikon D3500 kuwa an rubuta mata 1,550. A ranar da aka ɗauke wuta tun asuba, ga suna da safe ga kai amarya da dare, wannan lissafin shi ne abincin mai hoto. Sai dai a sani, ƙananan kyamarori irin tawa ƴan madubai ne a cikin tozonsu maimakon dunƙulen gilashi, don haka tagarsu ta fi ƙanƙanta da duhu, kuma kashi 95 cikin 100 na hoton kawai take nunawa. Shi ya sa wani lokaci sai ka tarar da ƙafar kujera ko hannun yaro a gefen hoto alhali ba ka gan su ba lokacin ɗauka.

Mu koma ga megafiksel. Fiksel ɗigo ne guda na hoto, megafiksel kuwa ɗigo miliyan ɗaya. Kyamarar zamani ta farko da wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa a 1975, ɗigo 10,000 kacal take ɗauka. DSLR ta farko da aka kai kasuwa, Kodak DCS ta 1991, gangar jikin Nikon F3 ce aka sa mata sansa mai megafiksel 1.3, kuma sai mai hoto ya rataya wani akwati daban a kafaɗa inda hotunan suke taruwa. Nikon D1 ta 1999 tana da 2.7, da ita kuma ƴan jarida suka cika shafukan manyan jaridun duniya. A 2003 Canon ta fito da 300D mai 6.3 a kan kuɗin da bai kai dalar Amurka 1,000 ba, daga nan ne kyamarar ta fara shiga hannun talaka. Yanzu a yi lissafi: hoton da muke wankewa mai santimita 10 da 15, wanda ake raba wa ƴan biki, megafiksel 2 da ɗan ɗoriya yake bukata ya fito tas. Mai 18 tana ba da hoto mai faɗin santimita 44 da tsawon 29 ba tare da ya fashe ba, wato babban firam na falo. Wanda za a tura ta WhatsApp kuwa, manhajar da kanta take matse shi.

Abin da ya raba kyamarata da wayar samarin nan shi ne girman sansa, wato farantin da haske yake sauka a kai. A manyan kyamarori irin Canon 5D ko Nikon D750, faɗinsa milimita 36 ne da 24, daidai da tsohon fim ɗin hoto. A matsakaita, waɗanda ake kira APS-C kuma su ne suka fi yawa a hannunmu, wajen 22 da 15 ne a Canon, 23.5 da 15.6 a Nikon. Sansar waya ta yau da kullum ba ta cika wuce milimita 6 da 4 ba, ka ga ta APS-C ta ninka ta fiye da sau goma. Abin kamar tarar ruwan sama ne a tsakar gida: wanda ya jera manyan robobi 18 zai fi wanda ya jera kofunan shayi 50 samun ruwa, musamman in yayyafi ake yi. Da rana tsaka, haske ya wadata, waya tana yin abin kirki. Bari magariba ta yi, a shiga ɗakin amarya mai ƙwan lantarki guda, nan ne za ka ga fuska a hoton waya ta zama kamar an shafe ta, zanen lalle ya narke, alhali babbar sansa ta riƙe kowane layi.

Sai tabarau, inda nake so mai saye ya fi zuba ido da kuɗi. Kusan kowace ƙaramar DSLR tana zuwa da wanda aka rubuta wa 18-55mm f/3.5-5.6. Lambobin farko suna faɗin yadda yake buɗe fili ko jawo abu kusa: a 18 zai ɗauke rumfa gaba ɗaya da mutanen cikinta, a 55 zai kawo maka mutum daga ƙirji zuwa kai. Lambobin da ke bayan harafin f su ne girman ƙofar da haske yake bi, kuma a juye suke tafiya: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Daga 2.8 zuwa 4, zuwa 5.6, zuwa 8, 11, 16, kowane mataki yana raba haske biyu. To wannan tabaraun na cikin kwali, da ka jawo shi zuwa 55, ƙofarsa ba ta wuce 5.6. Akwai wani ɗan ƙarami mara zum, 50mm f/1.8, wanda Canon da Nikon duka suna yi, yana kuma cikin mafi araha a tabaransu. Hasken da yake shigarwa ya kusa ninka na wancan sau goma. Shi ne yake fito da amarya rangaɗau ya mayar da bangon bayanta da tarin kwanukan biki dishi-dishi. A ganina, tsohuwar kyamara da wannan tabarau ta fi sabuwa dal mai tabaraun kwali kaɗai. Illarsa guda: a kan sansar APS-C ta Canon yana gani kamar 80mm, saboda haka a ƙaramin ɗaki sai ka ja baya har bayanka ya taɓa bango, kuma hoton dangi gaba ɗaya ba aikinsa ba ne.

Abu biyu suka rage a cikin ma'aunin haske. Labule yana iya buɗewa na daƙiƙa 30, yana iya yin ɗaya cikin 4,000 na daƙiƙa. Mutum a zaune, 1/125 ya ishe shi. Ƴan mata suna rawa, sai 1/500, in ba haka ba hannuwa su zama inuwa. ISO kuwa ƙarfin jin hasken sansa ne: 100 da rana, 800 ko 1600 a ɗaki. Tawa tana kaiwa 6400, amma tun daga 3200 hoto yake fara yin yashi-yashi, launi ya dusashe. Duk lambar ISO mai yawan sifiri da ka gani a jikin kwali, ka ce a gwada maka a cikin duhun shago ka gani da idonka.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wanda kuma babu takardar kyamarar da za ta gaya maka. Wata Hajiya maƙwabciyarmu ta taɓa kawo mini hotunan auren ɗanta, waɗanda wani yaro sabon shiga ya ɗauka da kyamara mai tsada. Ta ce, "Malam mai hoto, dubi nan don Allah. Rigar ta fito, hular ta fito, amma ina fuskar yaron nawa?" Na karɓa na duba. Ango yana zaune a bakin rumfa cikin farar shadda, abokansa su ma duk fari, bayansu titi ne rana ta ƙwalle. Rigunan sun koma ruwan toka, fuskokin kuwa idanu da haƙora kawai ake gani. Na ce mata, "Hajiya, kyamarar lafiyarta ƙalau, ba a gaya mata abin da ake so ba ne."

Ga yadda abin yake. A cikin kowace kyamara akwai ma'aunin haske, an kuma gina shi a kan zaton cewa in aka gauraya duk abin da ke gabansa zai ba da ruwan toka matsakaici. Da ya ga farar shadda ta cika fili, ga hasken titi a baya, sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage. Fari ya koma toka, fatarmu kuwa ta nutse. Wannan shi ne yanayin kusan kowane ɗaurin aure a ƙasar Hausa da Zabarma: fararen kaya, baƙar fata, inuwar rumfa, rana a waje. Masana'antar hoto ma ta daɗe ba da mu take awo ba; shekaru da yawa katin gwajin launi da Kodak take raba wa ɗakunan wanke hoto, hoton Baturiya ne a jiki. Maganin yana jikin kyamarar. Akwai ɗan maɓalli mai alamar +/-. A ƙara mataki ɗaya, wani lokaci da ɗoriya, a sake ɗauka. Ko a sauya ma'aunin ya auna ɗigon tsakiya kaɗai, a ɗora shi a kumatun ango. Daga nan sai a duba allon baya: in wuyan rigar yana ƙyaftawa baƙi da fari, alama ce haske ya cinye aikin zaren, sai a ɗan rage. Tsakanin fuska da aikin riga ake neman daidaito, domin ango ya biya maɗinki kuɗi masu yawa, uwarsa kuma fuskarsa take so ta gani.

Filashi yana taimakawa ko da rana, in an rage ƙarfinsa ya cike inuwar da hula ko ɗankwali suka yi a ido. Amma a tuna, yawancin ƙananan kyamarori ba sa haɗa filashi da labulen da ya fi 1/200 sauri. Kuma shaddar gezna mai sheƙi tana mayar da haske kai tsaye. A ɗaki gara a ɗaga kan filashin ya bugi silin ya sauko a hankali, abin da ƙaramin filashin da ke kan kyamara ba ya iyawa, sai na ɗorawa. Rumfa mai shuɗin tanti ko ja ita ma tana rina fuska. Saboda irin wannan ne nake ɗaukar muhimman hotuna da RAW, wato ɗanyen hoto yadda sansa ta karɓe shi. JPEG yana riƙe matakan haske 256 a kowane launi, RAW ɗin kyamarata yana riƙe 16,384, don haka fuskar da ta ɗan yi duhu ana iya ceto ta a kwamfuta ba tare da ta lalace ba. Kuɗinsa shi ne wuri: kowane hoto wajen megabait 24, maimakon 6.

Duk lokacin da na ga hotunan Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki daren Yamai da wuraren rawarta a shekarun 1960 da 1970 ya kuma rasu a 2014, yadda fata ta fito nake dubawa. Baƙi da fari ne, da fim, babu allon da zai leƙa ya gyara, amma fatar mutanensa tana da haske da laushi, kowace fuska da kamanninta. Ya san hasken garin nan ya san fatar mutanensa. Ina so ƴan bayanmu su nemi hotunansa su zauna su kalla da kyau.

Sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo yake rufe gari har a kasa hango ƙetaren kogi, ga kuma layukanmu na yashi da babura suke tayarwa duk shekara, duk kyamarar da ake kwance wa tabarau tana cikin haɗari. Ƙurar tana shiga, madubi yana kaɗa ta, ta je ta zauna a gaban sansa. Gwajinta mai sauƙi ne: sa ƙofar haske a f/16 ko f/22, ɗauki sararin sama ko farin bango, sannan ka faɗaɗa hoton. Duk ɗigon da ka gani a wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce. Yawancin kyamarorin Canon tun daga 400D ta 2006 suna girgiza gilashin gaban sansa da kansu in an kunna ko an kashe, yana ragewa amma ba ya gamawa da ƙurar Sahel. A nemi ƴar robar hura iska, a kifa bakin kyamara ƙasa, a hura. Kada a hura da baki, yawu ya fi ƙura ɓarna. Kada a sa gefen riga ko auduga. Sauya tabarau kuwa a ɗaki ake yi ko cikin mota, kyamara a kashe, ba a tsakiyar filin biki ba. Zafi ma haka: littafin yawancin kyamarorin nan ya ce a yi aiki da su tsakanin digiri 0 da 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40 a inuwa. Barin kyamara a akwatin babur ko a mota a rufe yana kashe batir, yana sa robar jikinta ta saki.

Kusan duk DSLR da za ka samu a Yamai yau ta hannu ce, don haka a san abin dubawa. Na farko, adadin bugun labule, domin labule yana da iyakar rayuwa. An gwada na Nikon D3200 a kan bugu 100,000, na D7100 da Canon 5D Mark II a kan 150,000. Wasu suna wuce haka, wasu ba sa kaiwa. Mai ɗaukar hoto 500 a biki, biki biyu a mako, ya haura 50,000 a shekara. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, ta Canon kuwa galibi sai an haɗa ta da kwamfuta. Mai shagon da ya ƙi a duba, a yi masa sallama cikin mutunci a ƙara gaba. Na biyu, a haska tocilar waya ta cikin tabarau. Kayan da suka daɗe a garuruwan bakin teku irin su Kwatano, Lome ko Legas sukan yi fumfuna a cikin gilashi, za ka ga zare-zare farare; wannan ba ya gogewa daga waje. Na uku, bakin ɗauri. Tabaraun Canon ba ya hawa Nikon. A cikin Canon ma, mai alamar EF-S ba ya hawa manya irin 5D. Ƙananan Nikon, jerin D3000 da D5000, ba su da injin saiti a jikinsu, don haka tsofaffin tabarau masu alamar AF-D sai dai a saita su da hannu. A nemi AF-S. Katin memori kuma a saya a inda aka amince, a kwashe hotuna a daren da aka ɗauke su, domin ɗaurin aure ba a maimaita shi.

Bidiyo ba zan daɗe a kansa ba. Nikon D90 ce ta fara shi a 2008, Canon 5D Mark II ta biyo a shekarar da hoto mai inganci har masu shirya fim, ciki har da na Kano, suka rungumi irin waɗannan kyamarori. Amma mai ɗaukar wa'azi ko walima ya sani, yawancinsu suna tsayawa kafin minti 30, tawa ma da fayil ya kai gigabait 4, wajen minti 12, take yankewa. Makirfon ɗin jikinta kuma iska da hayaniya yake kwasa.

Gaskiyar da ya kamata mai saye ya ji ita ce manyan kamfanonin sun juya ga kyamarori marasa madubi. Sony ta fito da A7 a 2013, Canon da Nikon suka bi da jerin R da Z a 2018. Sababbin DSLR na ƙarshe da Nikon ta fitar su ne D780 da D6 a 2020, shugaban Canon kuma, Fujio Mitarai, ya faɗa a ƙarshen 2021 cewa 1D X Mark III ce babbar DSLR ɗinsu ta ƙarshe. Pentax ce ta ci gaba da riƙe madubi. A wurinmu wannan yana da fuska biyu. Masu hoto a Turai da Amurka suna sayar da tsofaffin kayansu, abin da da ba ma iya taɓawa yana saukowa inda hannunmu zai kai. A ɗaya gefen, kayan gyara za su riƙa wuya, kuma labulen da ya mutu ba kowane mai gyara ne zai samo maka wani ba. Tabarau dai ba ya asara: na Canon EF, wanda bakinsa bai sauya ba tun 1987, yana aiki a kan sababbin R da ɗan zoben haɗi, na Nikon AF-S ma haka a kan Z. Shi ya sa in saurayi ya zo mini da kuɗinsa a hannu, nakan ce ya ɗauki gangar jiki mai ƙarancin bugu ko da tsohuwa ce, ya sa ragowar a 50mm da filashin ɗorawa, ya kuma nemi batir na asali guda biyu tun ana samunsu a kasuwa.